Wa Ke Da Iko da Filayen Washington? Bayani Kan Hukumar Tsara Shiyyoyin Babban Birnin Amurka

A yawancin biranen Amurka, zaɓaɓɓun shugabannin gari ne ke da ta cewa kan inda za a gina gidaje, inda za a kafa kasuwa, da tsayin da bene zai kai. A Washington DC, birni mai mutum kusan 690,000 bisa ƙidayar 2020, lamarin ya sha bamban, domin Kundin Tsarin Mulkin ƙasar ya damƙa ikon babban birnin gaba ɗaya a hannun Majalisar Dokoki ta tarayya.

Majalisar ce ta kafa Hukumar Tsara Shiyyoyi ta birnin a 1920. Ko da aka ba mazauna Washington damar zaɓen magajin gari da majalisar birni a ƙarƙashin dokar cin gashin kai ta 1973, ba a sakar musu wannan hukuma duka ba. Kujerunta biyar ne. Magajin gari ke naɗa mutum uku, majalisar birni ta tabbatar da su. Sauran biyun na tarayya ne: babban jami'in da ke kula da gine-ginen Majalisar Dokoki, da shugaban hukumar kula da gandaye da wuraren tarihi ta ƙasa, ko wakilansu. Babu mazaunin birnin da ke da hannu a zaɓensu, kuma magajin gari ba shi da ikon tsige su.

A ƙirge, birni ne ke da rinjaye. Sai dai rinjaye ne mai rauni: da zarar ɗaya daga cikin ukun ya saɓa wa 'yan uwansa, ƙuri'ar jami'an tarayya ce za ta raba gardama, ko da kuwa batun gidajen haya ne a unguwar da ba ta da alaƙa da Fadar White House. Wanda bai gamsu da hukuncin ba zai garzaya kotun ɗaukaka ƙara ta birnin, wadda ita ma shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalanta da amincewar Majalisar Dattawa.

Akwai kuma shingen da hukumar kanta ba ta isa ta tsallake ba, wato dokar tsayin gine-gine ta 1910. A titunan kasuwanci, gini ba zai wuce faɗin titin da ke gabansa da ƙarin ƙafa 20 ba, iyakarsa ƙafa 130. A titunan gidajen zama ƙafa 90. Sai wani yanki na titin Pennsylvania da aka yarje wa ƙafa 160. Dokar 1973 ta haramta wa majalisar birni taɓa wannan ƙa'ida.

Hujjar masu kare kujerun tarayya ita ce Washington ta dukan Amurkawa ce, dole a tsare kwarjinin ginin Majalisa da wuraren tarihi. Hujja ce mai nauyi, amma tana da gibi. Filayen gwamnatin tarayya ba sa ƙarƙashin wannan hukuma tun farko. Wata hukuma ce dabam, NCPC, mai mambobi 12 da tarayya ke da rinjaye a cikinta, ke duba su. Wato dai jami'an biyu suna jefa ƙuri'a ne kan filayen jama'ar gari. A kan haka Eleanor Holmes Norton, wadda ta fara wakiltar birnin a Majalisar Wakilai a 1991 ba tare da ikon jefa ƙuri'a a zauren ba, ta gabatar da ƙudurin cire su.

Abin lura, ba kullum birnin ke neman a sassauta masa ba. A 2013, lokacin da gwamnatin magajin gari Vincent Gray ta ba da shawarar a ƙyale gine-gine su ƙara tsayi, majalisar birnin ce da kanta ta yi fatali da ita, 'yan majalisa 12 cikin 13 suka goyi bayan a bar dokar yadda take. Gyaran da Majalisar Dokoki ta yi a 2014 bai wuce halatta wa mutane amfani da ɗakunan da ke saman rufin bene ba.