Shanun da Ba Su da Tozo: Tarihin da ke Jikin Duwatsun Birnin Kudu

Gabatarwa

Matafiyin da ya baro Kano ya bi ta Wudil da Kwanar Huguma zai yi ta ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gero da dawa da gyaɗa har ya kusanci Birnin Kudu. Daga nan ƙasa take sauya kama. Manyan duwatsu sukan fara ɓullowa, wani bisa wani kamar an ɗora su da hannu, su ci gaba jefi-jefi har yankin Gwaram, inda Jigawa ta yi iyaka da Bauchi. Yawancin masu wucewa kallo ɗaya suke yi musu ta tagar mota. Kaɗan ne suka san cewa a ƙarƙashin wasu daga cikinsu akwai zane-zanen da ke cikin mafiya shahara a Nijeriya. Wannan maƙala za ta bi sawun mai ziyara zuwa waɗannan duwatsu, ta duba abin da suka adana na tarihi, da abin da za a rasa idan aka bar su kara zube.

Abin da mai ziyara zai tarar

Duwatsu uku ne sunansu ya fi fita: Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Ba tsaunuka ne masu taɓa gajimare ba, kuma hawansu bai buƙatar igiya. Abin da ake nema shi ne ƙafa mai ƙwari da ɗan jagora daga cikin gari, domin zanen ba ya tsaye a fili. Yana cikin rumfunan da duwatsun suka yi da kansu, inda wani falalen dutse ya rufa kan wani ya kare shi daga ruwan sama da zafin rana. Sai mutum ya sunkuya, idonsa ya saba da inuwa, sannan siffofin su fara bayyana: shanu ne, waɗansu da jan launi, waɗansu da fari, waɗansu masu dogayen ƙahoni, waɗansu masu gajeru.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ga wani abu ya ɓace a jikin shanun nan: ba su da tozo. Shanun da muke gani yau a kasuwar Sara ko a rugagen Fulanin wannan yanki, farare ne ko jajaye, duk masu tozo ne. Masana sun tabbatar cewa asalin shanu masu tozo daga yankin Indiya ne, kuma marasa tozo sun riga su zama a Afirka ta Yamma. Irinsu bai ƙare ba: akwai muturu, ƙananan shanun da suka fi yawa a kudancin Nijeriya, akwai kuma kuri masu manyan ƙahoni a bakin Tafkin Chadi. Ashe wanda ya yi zanen ya san wani garke dabam da wanda muka sani. Bai bar sunansa ba, amma ya bar shaidar cewa an yi kiwo a wannan ƙasa da wasu irin dabbobi kafin na yanzu su mamaye ta. Irin wannan labari ba a samunsa a kundin sarauta, domin kundin sarauta sarakuna da yaƙe-yaƙe yake lissafawa, ba ruwansa da makiyayi.

Duwatsu masu amo

Kusa da zanen akwai abin al'ajabi na biyu. Waɗansu duwatsun, idan aka buge su da ɗan dutse, sukan yi amo kamar ƙararrawa, kowane gurbi da irin muryarsa. Wuraren da ake bugawa sun lotsa sun yi sumul, alamar hannaye da yawa sun daɗe suna aiki a kansu.

Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, wanda ya jagoranci kafa Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, shi ne ya kai labarin wurin ga duniyar ilimi. Ya gabatar da bayani kan zane-zane da duwatsun kiɗan Birnin Kudu a taron masana tarihin dauri na Afirka da aka yi a Livingstone, cikin Zambiya ta yau, a 1955, sannan ya wallafa maƙala kan duwatsu masu amo a 1956. Daga nan aka shiga lura da irinsu a wasu sassan Nijeriya da ƙasashen Afirka. Sai dai ya kamata a auna kalmar "ganowa" da ake jingina masa. Mutanen gari sun san duwatsunsu tun kaka da kakanni. Su ne ma suka ba su sunayen da ake kiransu da su. Bayanan da aka taskace a wancan lokaci sun nuna wurin yana da alaƙa da bikin aure, inda amare kan ziyarci rumfar dutsen kafin a kai su ɗakin miji. Wato Fagg wuri mai rai ya tarar, ba kufai ba.

Duwatsu a zamanin yaƙi

Tarihin duwatsun bai tsaya ga makiyaya da amare ba. A ƙarni na 19, Birnin Kudu da Gwaram garuruwan bakin iyaka ne na masarautar Kano, suna fuskantar duwatsun Ningi ta kudu. Ningawa, waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga Daular Sakkwato, sun yi shekaru suna kai hare-hare kudancin Kano, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Ƙarfin Ningi daga duwatsunta yake, domin doki, wanda shi ne abin alfaharin rundunar Kano, ba ya sakewa a tsakanin duwatsu. Wanda ya tsaya a saman dutse a Birnin Kudu ya hangi kudu zai fahimci abin da littafi ba zai iya nuna masa ba: a irin wannan ƙasa, mai dutse yana ganin abokin gaba tun daga nesa, na fili kuwa sai dai ya dogara da ganuwa.

Daga kariyar doka zuwa kariyar jama'a

Nijeriya ta samu dokar kayan tarihi a 1953, aka kuma kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979. Zane-zanen Birnin Kudu suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma hukumar tana da cibiyar bayani a garin. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ba a lissafa wuraren buɗe ido na jihar ba tare da an ambace su ba.

Amma suna a takarda ba ya hana ɓarna. Zanen dutse, ko'ina yake a duniya, maƙiyansa sanannu ne: mai fasa dutse don gini, da hayaƙin wutar da ake hurawa a rumfa, da yaron da ke rubuta sunansa da gawayi, da mai ziyarar da ke shafa zane ko yayyafa masa ruwa don hoto ya fito. Yawan baƙi ma kansa haɗari ne. Kogon Lascaux na Faransa, wanda aka gano a 1940, sai da aka rufe shi a 1963 saboda numfashin dubban masu kallo ya fara cin zanen. A Aljeriya kuwa, Tassili n'Ajjer, inda su ma ake da zanen shanu na zamanin da Sahara take da ciyawa, an mayar da shi gandun ƙasa, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1982. A gida, cikin sababbin gandayen ƙasa goma da gwamnatin tarayya ta amince da su a 2020 akwai dausayin Haɗeja da dajin Falgore. Tsuntsaye da namun daji sun samu rabonsu na kulawa; duwatsun kudancin Jigawa ma sun cancanci nasu: hanyoyin hawa masu alama, da 'yan jagora daga cikin matasan gari waɗanda aka horar kuma ake biya, da iyakar da mai fasa dutse ba zai ƙetare ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daji idan ya ƙone damina za ta mayar da shi, ganuwa idan ta zube ana iya sake ɗora ta, amma saniyar da ke jikin Dutsen Mesa idan ta goge babu mai sake zana ta. Tsaron da ya fi ƙarfi shi ne na maƙwabtan dutsen: malamin da zai ɗauki ɗalibansa na Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya kai su rumfar, ya sa su nemi tozo a jikin shanun su rasa, sannan ya tambaye su dalili. Ɗalibin da ya dawo da wannan tambaya a ransa da wuya ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa a kan zanen.