Hoton Siti na Ƙirji da Cutar Toshewar Hanyoyin Numfashi: Nazari a kan Geza, Ƙaramar Hukumar Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin hoton siti na ƙirji wajen tantance cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa a Geza da ƙauyukan Bagudo da ke iyaka da Jamhuriyar Benin. Matsayarta ita ce, ma'aunin da aka saba karanta hoton da shi ya fi dacewa da huhun mashaya taba, alhali a nan hayaƙin murhu ne ya kamata a fara tuhuma.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta hallaka mutum miliyan 3.23 a 2019. Ana tabbatar da ita da na'urar awon numfashi: bayan majinyaci ya shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska, idan abin da ya hurar a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na jimillar abin da ya iya hurarwa ba, akwai toshewa. Wannan awo yana nuna akwai matsala, amma ba ya nuna inda take. A nan hoton siti ke shigowa.

Ma'auni da inda ya gaza

Na'urar siti da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira, wadda aka fara amfani da ita kan majinyaci a Landan a 1971, tana auna kaurin nama da lamba: ruwa 0, iska −1000. A hoton da aka ɗauka majinyaci ya cika ƙirji, ɓangaren huhun da ya yi ƙasa da −950 alama ce ta yagewar jakunkunan iska, ɓarnar da taba ta fi yi.

Matar Geza da ta shekara talatin tana girki da itace da kara, tana turara shinkafa ko kyafa kifin Kwara, labarinta daban ne. Nazarin da aka yi kan mata masu girki da itace a Meziko ya nuna cewa hayaƙin murhu ya fi taɓa ƙananan hanyoyin iska: bangonsu ya yi kauri, iska ta maƙale, jakunkunan kuma ba su yage sosai ba. Hotonta na cika ƙirji zai iya fitowa kusan lafiya lau, ita kuwa haki ya hana ta zuwa rijiya. Abin takaici ne a sallame ta da irin wannan sakamako. Sai an ƙara hoto na biyu bayan ta fitar da numfashi, a nemi inda ya gaza −856, kafin maƙalewar ta bayyana. Hoton kan kuma fito da tabon tsohon tarin tibi da buɗewar bututun huhu, waɗanda maganinsu ya bambanta.

Wa za a tura?

Tafiya daga Geza zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Sakkwato kuɗi ce, kuma tururin siti ya ninka na hoton ƙirji na yau da kullum sau da yawa. Rahoton 2023 na GOLD, shirin duniya kan wannan cuta, ya ba da shawarar siti musamman ga wanda ciwon ke yawan tasar masa, ko wanda wahalarsa ta zarce abin da awon numfashi ya nuna. Don haka a fara wadata asibitocin Bagudo da na'urar awon numfashi, wanda kuma aka tura siti a rubuta a takardarsa shekarun da ya yi cikin hayaƙi, tare da buƙatar hoton fitar da numfashi.