Mudun da ake auna sakacin likita: daga Bolam zuwa Montgomery

A shekarar 1954 wani mutum mai suna John Bolam ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali na Friern da ke Landan, inda aka yi masa maganin da ake yayi a lokacin, wato jona wa kai wutar lantarki. Ba a ba shi maganin sassauta tsoka ba, ba a kuma ɗaure shi ba. Jikinsa ya fizge da ƙarfi har ƙashin ƙugunsa ya karye. Ya kai ƙara yana neman diyya, yana cewa an yi sakaci, kuma ba a faɗa masa haɗarin ba.

A tsarin shari'ar Ingila, wanda Najeriya ta gada, abu huɗu ake so mai ƙarar likita ya tabbatar: cewa kula da shi nauyi ne a wuyan likitan, cewa likitan ya gaza sauke nauyin, cewa ya cutu, kuma gazawar ce ta jawo cutar. Na farko ba ya wuya, da zarar an karɓi majiyyaci nauyin ya hau. Rigimar tana kan na biyu. Alƙali bai karanta likitanci ba, to da wane mudu zai auna aikin likita?

Amsar da Mai Shari'a McNair ya bayar a 1957 ita ce: likita bai yi sakaci ba matuƙar abin da ya yi ya dace da abin da wani rukuni na ƙwararrun likitoci masu sanin ya kamata suka amince da shi, ko da wasu sun saɓa musu. Shaidu sun nuna cewa likitocin zamanin sun rabu kan maganin sassauta tsoka da kan ɗaure majiyyaci. Bolam ya faɗi.

Akwai hikima a hukuncin, domin likitanci cike yake da saɓani, kuma rashin warkewa ba shi ne sakaci ba. Sai dai an miƙa wa mai kaya mudu ya auna da kansa. Ya isa likita ya samo 'yan abokan sana'a su ce su ma haka za su yi. Ma'aunin ya bazu har ya shafi ma'aikatan jinya, a asibiti ne ko a gidajen kula da tsofaffi. A shari'ar Sidaway ta 1985, alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙarshe kafin 2009, suka jingina da shi hatta a kan abin da za a gaya wa majiyyaci kafin tiyata.

Tsagewar farko ta zo a 1997. Patrick Bolitho yaro ne ɗan shekara biyu da numfashi ya sarƙe masa a wani asibitin Landan a 1984. An kira likita ba ta zo ba, zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa ta lalace, daga baya ya rasu. Likitar ta ce ko ta zo ba za ta zura masa bututun numfashi ba, ƙwararru uku cikin takwas suka mara mata baya. Iyalin sun faɗi, amma kotu ta ƙara sharaɗi: dole ra'ayin ƙwararru ya zama mai hujjar da hankali zai ɗauka, in ba haka ba alƙali na iya watsi da shi.

Wadda ta girgiza ginin sosai Nadine Montgomery ce, wata mata a Sikotland, mai ƙaramin jiki kuma mai ciwon sukari. Masu wannan ciwo kan haifi manyan jarirai, kuma haɗarin kafaɗun jariri su maƙale wajen haihuwa ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari. Ta nuna damuwa kan girman cikin, amma likitarta ba ta ambaci haɗarin ba. Dalilin da ta bayar a kotu shi ne abin lura: in aka faɗa wa mata, yawancinsu tiyata za su zaɓa, ita kuwa tana ganin hakan ba maslaharsu ba ce. Ranar 1 ga Oktoba 1999 kafaɗun suka maƙale, aka shafe minti 12 tsakanin fitowar kai da fitowar jiki, yaron ya samu lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa. Kotuna biyu na Sikotland suka kori ƙarar.

A Maris 2015 alƙalai bakwai na Kotun Ƙolin Birtaniya suka juya hukuncin baki ɗaya. Suka ce wajibi ne likita ya sanar da majiyyaci duk haɗarin da mai hankali a matsayinsa zai ɗauka da muhimmanci, tare da sauran hanyoyin magani da suka dace. Zaɓin abin da za a yi wa jikin mutum haƙƙinsa ne, ilimin likita bai ba shi ikon yanke shawarar a madadinsa ba. An ba ta diyyar fam miliyan 5.25. Amma a batun gano cuta da yin maganin kansa, ma'aunin Bolam na nan daram.

Hukuncin Birtaniya na yanzu bai ɗaure kotunan Najeriya ba, sai dai suna kafa hujja da shi. A shari'ar Ojo da Gharoro, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2006, allura ce ta karye lokacin tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, guntun ya zauna a cikin majiyyaciyar. Ta dogara da cewa abin ya isa shaida da kansa. Likitocin suka yi bayanin yadda allura kan karye ko babu sakaci, ita kuma ba ta kawo likitan da zai musanta su ba. Kotu ta kori ƙararta.