Daga Wuri Zuwa Kwabo: Tarihin Baitulmali a Jikin Tsofaffin Kuɗi

A ƙasashen Turai akwai mutanen da ke tara tsofaffin kuɗi, ba don su kashe ba, sai don su jera su bisa ga shekarunsu, su karanta abin da ke rubuce jikinsu, su san zamanin da aka buga kowane. Wanda bai sani ba sai ya ce wasan yara ne, alhali kuwa ilmi ne mai zaman kansa. A ƙasar nan masu yin haka kaɗan ne, ko da ya ke ba wanda ya fi cancanta da shi kamar mutanen da suka yi aikin En'e, da 'ya'yansu. Gama kuɗin nan ta hannun dagaci da hakimi da malamin haraji da Ma'aji suka ratsa kafin su zauna a kasuwa. Takarda gara na cinta, ruwa na lalata ta, amma kwabo ya kan shekara ɗari cikin ƙasa a tono shi da rubutunsa.

Mai tarawa da wuri ya kamata ya fara, don kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldibi ne, can cikin tekun Indiya. Biyar biyar a ke jan sa da yatsu in ana ƙirga. Ashirin hauya ke nan, ɗari zangu, zambar ashirin kuwa keso guda, watau kayan mutum ɗaya. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya tarar ana ƙirgar wuri zambar ɗari biyar a Tasawa, ya ga aikin kamar ba shi ƙarewa. Da ya iso Kano a 1851 ya iske ana canjin liyari guda a kan wuri 2,500. To, tun wajen wannan lokaci 'yan kasuwar Jamus suka shiga jibgo wani wuri mai araha daga Zanziba zuwa bakin teku, ya yi ta malalowa arewa. Kafin ƙarshen ƙarnin liyari ya kai wajen 5,000. Keson da ke sayen liyari takwas ya koma huɗu, nauyinsa kuwa bai ragu ba. Wanda ya ajiye wurin iri biyu kusa da juna, na Maldibi da na Zanziba mai zobe rawaya a bayansa, ya ajiye labarin wannan faɗuwa ke nan.

Shi liyari kuwa darasi ne ga mai gaggawa. Azurfa ce mai nauyin giram 28, da hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, da shekara 1780 a jiki. Sau da yawa mutum ya kan ga wannan shekara ya ɗauka ya yi tsintuwa. Ina! A 1780 sarauniyar ta rasu, amma da ya ke fatake daga ƙasar Larabawa har Barno ba su yarda da wani kamu sai wannan, aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ba canji, har cikin ƙarni na ashirin da bayansa. Saboda haka shekarar da ke jikin kuɗi shaida ce, amma shaidar da sai an bincika.

Da Turawa suka kama ƙasa, babu abin da ya dame su kamar haraji. Gunduma ta biya da wuri, sai an nemi jakuna da 'yan alaro, an nemi masu ƙirga, an nemi ɗakin zubawa, sa'an nan kuma gwamnati ba ta iya biyan soja ko sayen kaya daga Ingila da shi. A 1904 aka yi dokar hana shigo da wuri daga waje. Amma doka ba ta sayen daddawa. Sule ya yi wa cefanen talaka girma ƙwarai, mace mai sayar da ƙuli-ƙuli ba ta da canjinsa. Don haka a 1907 aka bugo kwabo da anini, watau ushirin kwabo, kowane da huji a tsaka yadda za a zura shi a igiya. Aninin farko da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na fari da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure ba, ya riƙa cin kansa, sai a 1908 aka koma ga gaurayen tagulla da nikel. Sisin kwabo ya biyo baya a 1911. Sunansa na biyu, ɗari, daga wuri ya gado shi, don a kasuwannin da aka yi canjinsa a kan wuri ɗari. Kwabo kuwa daga kalmar Ingilishi ta tagulla ya samo suna.

Ya kamata a tsaya a dubi kwabon nan da kyau. Babu hoton mutum a jikinsa, sai kambi da sunan Sarkin Ingila, ga kuma darajarsa an rubuta da haruffan Larabci a ƙarƙashin hujin, don a lokacin masu karatun allo sun fi masu boko nesa ba kusa ba. A bayansa akwai tauraro mai tsini shida, wanda a ke kira hatimin Annabi Sulemanu. Gwamna Lugga ya faɗa daga baya cewa a jikin murfin wata butar tagulla ya ga wannan zane, cikin kayan da soja suka kwaso sa'ad da aka ci Kwantagora, watau a 1901. Na 1907 zuwa 1911 suna ɗauke da sunan Nijeriya. Daga 1912 aka cire shi, domin a shekarar aka kafa hukumar kuɗi guda ga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya.

Daidai wannan lokaci Baitulmali ya tsaya da ƙafarsa. A Katsina aka fara wajen 1909, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, sa'an nan sauran ƙasashe suka bi. Haraji da jangali suka koma shiga littafi, gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya zauna ga En'e, sarki da hakimai da alƙalai aka yanka musu albashi. Nan fa wuri ya ga ta kansa. Ba ƙauna ce ta sa manomi karɓar sule ba, tilas ce. In malamin haraji ya ce sai tsabar kuɗi, dole mutum ya sayar da wani abu ya samo su, ko ya kai wurinsa ga 'yan canji su yi masa yadda suka ga dama, musamman in lokacin biya ya matso. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗin da kamfanoni suka zuba da kaka su ne dagatai ke tarawa su kai. Wannan gefen labarin ba shi da daɗi duka, amma ma'aikacin En'e ya fi kowa sanin haka aka yi.

A 1913 hukumar nan ta fito da taro da sisi da sule da dala, ko fataka, duk na azurfa, sule da dala da zanen bishiyar kwakwa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka rage ta, kana aka bar ta ɗungum aka koma ga wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Mutane suka ɓoye na azurfar, maƙeran farfaru suka narke da yawa suka yi zobba da mundaye, shi ya sa samun mai kyau ya ke da wuya. Sabon kuwa sai masu jabu suka taso masa, har a 1938 aka sake ƙarfen, aka yi wa gefen sule da dala wani kwarmi mai wuyar kwaikwayo.

Kwabon 1936 shi ne abin alfaharin masu tarawa. Sarki Edwad na Takwas ya hau a watan Janairu ya yi murabus a Disamba, ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a Ingila ba, amma ga shi a kwabo da ɗari da aninin Afirka ta Yamma. Sai dai kada wani ya ruɗi wani: an buga shi da yawan gaske, darajarsa ta tarihi ce, ba ta kasuwa ba. Mai ido zai kuma lura da ɗan ƙaramin harafi a bayan kwabo. H da KN na nuna ma'aikatu biyu ne na birnin Bamingam, SA na nuna Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuwa bugun Landan ne. Bayan Indiya ta sami mulkin kai a 1947 aka share laƙabin sarautarta daga sunan Sarki Joji na Shida. A 1952 kwabo ya tashi daga fari ya koma jan tagulla.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959, taro da auduga, sisi da koko, dala da gyaɗa. Ran 1 ga Janairu 1973 aka shiga naira, fam guda ya zama naira biyu, amma baki bai saki tsohon lissafi ba: kwabo goma ya ci gaba da amsa sunan sule, naira 200 kuwa jaka, don jakar da a ke ɗaurewa a Baitulmali fam ɗari ce. En'e kanta ta kau a gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

Wanda ya sami irin waɗannan a adakar mahaifinsa, kada ya goge su da toka ko tsamiya, don gugar na cinye rubutu, ta zubar da darajarsu. Ya sa kowane cikin 'yar takarda dabam, ya rubuta garin da aka same shi, da wanda ya ajiye, da aikin da ya riƙe. Mai son ya gwada nasa da cikakken jeri, akwai ɗakin tarihin kuɗi da Babban Banki ya buɗe a Abuja a 2009.