Herbie Mai Lamba 53: Motar da Disney Ta Tono Daga Bola

Mai yawan shekaru ba ya bukatar a kwatanta masa Bitil, motar nan ta kamfanin Volkswagen mai ƙusumbi kamar bayan kunkuru, wadda har a Legas an riƙa harhaɗa ta tun daga 1975. A Jamus aka ƙera ta zamanin Hitler, aka kuma rufe ƙera ta a Meziko a 2003. Da wuya wani ya kalle ta ya yi tunanin tsere, kuma wannan ne abin dariyar da kamfanin Disney ya gina fim a kai.

A 1968, shekara biyu bayan mutuwar Walt Disney, kamfanin ya fitar da The Love Bug, wanda Robert Stevenson ya ba da umarni. Dean Jones ya fito a matsayin Jim Douglas, direban tsere a San Faransisko wanda sa'a ta juya wa baya, sai ya haɗu da wata farar Bitil ƙirar 1963 mai rai da zuciya. Tana fushi, tana kishi, in ta ga dama ta tuƙa kanta. Sunanta Herbie, lambarta 53. Fim ɗin ya samu kasuwa sosai, aka biyo shi da wasu a 1974 da 1977 da 1980, sannan aka sake wani don talabijin a 1997.

A wannan shekara ta 1968 ne kuma masana'antar fim ta Amurka ta fara manna wa finafinai haruffa don iyaye su san abin da za su kai 'ya'yansu kallo. Harafin G na nufin kowa da kowa, kuma shi aka ba The Love Bug. Amma wanda ya sake kallonsa yau zai ɗan yi turus. Akwai inda abokin gaba ya ɗura wa motar kofi mai haɗe da giya don ta kasa gudu. Akwai kuma inda Herbie, da ta ga Jim ya sayo sabuwar mota, ta nufi gadar Golden Gate tana ƙoƙarin faɗawa ruwa. Mota ce dai, amma yaro ya san abin da take shirin yi.

A 2005 aka sake tono labarin da sunan Herbie: Fully Loaded, bisa umarnin Angela Robinson. Wannan karon mace ce a bayan sitiyari. Lindsay Lohan ta fito a Maggie Peyton, 'yar gidan masu tsere, wadda mahaifinta (Michael Keaton) ya hana ta tseren bayan wani haɗari da ta yi. A wajen 'yan gwangwan ta tsinci Herbie, saura ƙiris a matse ta, daga nan har filin gasar NASCAR. Shi ma G aka ba shi.

To, ya dace da yara? Babu zagi, babu jini, kuma yarinya za ta ji daɗin ganin 'yar'uwarta ta kayar da maza. A ganina abin lura yana wani wuri dabam. Maggie ta yi wa mahaifinta alkawari ta saɓa, ta ɓoye fuskarta cikin hular kwano ta yi tsere da sunan ƙarya, kuma tseren farko a kan titin gari aka yi shi. Daga baya ta sa Herbie a caca, aka cinye. Nan kam fim ɗin bai yi mata sassauci ba, don sai da ta bi motar har filin da ake karon motoci kafin ta ƙwato ta. Maganar uban ce aka wuce da sauri, nasara ta shafe laifin. Ga kuma sunayen kamfanoni birjik a jikin motoci da riguna, wanda haka gasar NASCAR take, amma yaro ɗan shekara shida bai san talla ake yi masa ba.

Haruffan nan ba su auna irin wannan. Iyayen Amurka ne ke zama su ba da su, kuma abin da suka fi dubawa shi ne zagi, tsiraici, duka da kayan maye. Yadda 'ya ta ɗauki maganar mahaifinta ba ya cikin ma'auninsu, sai dai wanda ya zauna kusa da yaron ya tayar da zancen bayan an kashe talabijin.