Jagorar Tafiya a Mota Daga Kano Zuwa Gaɓar Teku a Badagry

Gabatarwa

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar karkara, ƙungiyoyi da jami'an ƙananan hukumomi masu niyyar ziyarar wuraren tarihi daga Kano zuwa bakin teku a Jihar Legas. Tafiyar ta haura kilomita 1,100, don haka ya kyautu a raba ta zango huɗu, a kuma isa kowane masauki kafin faɗuwar rana.

Lokacin da ya dace

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kammala girbi, ruwa kuma ya ɗauke a Kudu. A guji ƙarshen damina, domin a 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Abuja zuwa Lokoja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ranar da hazo ya yi yawa, a kunna fitila a rage gudu. Makon ƙarshe na Disamba kuwa cunkoso ya kan yi tsanani.

Zango na farko: Kano zuwa Kaduna (kimanin kilomita 230)

Kafin a bar Kano, a ziyarci Dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A Zariya akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato, wanda yanzu cibiyar adana tarihi ce.

Zango na biyu: Kaduna zuwa Lokoja (kimanin kilomita 390)

Hanyar ta ratsa kusa da Dutsen Zuma, sannan ta bi ta Kwali, mahaifar Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20. A Lokoja ne kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, kuma ana hango mahaɗar daga Dutsen Patti. A nan ne Turawa suka tsare wasu sarakunan Arewa, ciki har da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a garin a 1926. Ƙaburburansu na nan ana ziyarta.

Zango na uku: Lokoja zuwa Ibadan (kimanin kilomita 400)

Ana bi ta Okene, Owo, Akure da Ile-Ife. Gidan tarihi na Ife yana ɗauke da sassaƙen kawuna na tagulla da aka tono a 1938. A Ibadan, unguwar Sabo, wadda aka kafa a 1916, matattarar Hausawa ce tun zamanin fataucin goro da shanu, kuma baƙo daga Arewa ba zai rasa mai yi masa jagora ba.

Zango na huɗu: Ibadan zuwa Badagry

Babbar hanyar Ibadan zuwa Legas ta kai kusan kilomita 130, ta kuma bi ta gefen Shagamu, garin goro. Daga Legas sai a yi yamma zuwa Badagry, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. A can akwai gidan bene da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidajen tarihin cinikin bayi, da tsibirin Gberefu inda ake loda bayi a jiragen ruwa. Ana ƙetarawa tsibirin ne a kwalekwale, saboda haka kowa ya sa rigar kariya. Igiyar ruwan teku tana da ƙarfi. Wanda ya saba da rafi kada ya shiga, kuma a riƙe yara.

Takardu da lafiyar mota

Direba ya tanadi lasisin tuƙi, takardun mota, takardar shaidar lafiyar mota da inshora mai aiki. Fasinjoji su riƙe katin shaida. A kai mota wurin makanike ya duba birki, tayoyi da fitilu, a kuma ɗauki safaya, jak da tukunyar kashe gobara. Iyakar gudun ƙaramar mota a babban titin "expressway" shi ne kilomita 100 a awa, a sauran manyan hanyoyi kuma kilomita 80. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Kuɗi da tsaro

Tun bayan janye tallafin mai a 2023, man fetur ne ke cin kaso mai tsoka na guzuri. Motar da ke yin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha fiye da lita 220 zuwa da dawowa. A haɗa da kuɗin masauki, abinci da na ko-ta-kwana, kuma kada a ɗauki tsabar kuɗi mai yawa.

Kafin kowane zango, a tambayi halin da hanya ke ciki a tashar mota ko wurin 'yan sanda. Jami'in da ke jagorantar tawaga ya bar sunayen matafiya da jadawalin tafiya a ofishin ƙaramar hukuma, ya kuma rubuta wa gidajen tarihi tun da wuri. Idan an shiga ƙauye, a fara gaida mai gari, a nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Allah ya kiyaye hanya.