gangara

gangara, suna, mace.

1. Wuri mai sauka daga tudu zuwa kwari: Jakin ya zame a gangara.

2. A wajen magina da kafintoci, yawan karkatar rufin ɗaki. Ana auna ta da abu biyu: tashin rufi sama, da tafiyarsa a kwance. Kafinta zai ɗora katako miƙaƙƙe a kwance daidai, kansa ɗaya na taɓa rufin, ya auna inci 12 a jikinsa, sannan ya duba tazarar da ke tsakanin nan da rufin. In inci 6 ya samu, gangarar 6 bisa 12 ke nan, kamar yadda ake rubutawa a Amurka.

Injiniyoyi sun fi son kashi cikin ɗari ko digiri. A raba tashi da tafiya a ninka da 100: 6 bisa 12 kashi 50 ne. Digiri kuwa sai da kalkuleta, a maɓallin da ke juya tanjant. 6 bisa 12 kusan digiri 26.6, 4 bisa 12 kusan 18.4. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka kashi 100 tsaye yake kamar bango. Digiri 45 ne kawai, wato 12 bisa 12.

Soro ma, duk da shimfiɗarsa, ana ba shi 'yar gangara domin ruwa ya bi indararo. Rufin kwano da gangararsa ta yi kaɗan yakan tara ruwa a mahaɗa, ya yi yoyo da damina.